Na Hagu Magani, Na Dama Kwalliya

Ranar Laraba ce wani magatakarda ya rubuta cewa matata kwalliya ta zo yi asibiti. Daga ranar komai ya canza.

Sunana Abdulrasheed. Tarihi na koyar a sakandare har na yi ritaya. Ina zaune a unguwar Madaki a Gombe, a gida mai ɗaki uku, ɗaya daga ciki littattafai ne suka cinye shi. Matata Batul ta rasu bara. Kafin nan ciwon daji ya kama nononta na hagu, likitoci suka cire shi, suka haɗa da na dama don kada ciwon ya tsallaka. Ta sha ƙarin ruwan nan mai zubar da gashi, ta rame, ta kwanta, ta tashi. Jama'a suka yi ta zuwa barka, kowa yana cewa a gode wa Allah tunda an tsira da rai. Gaskiya suka faɗa. Na dai lura cewa duk matan da suka faɗi haka da ƙirjinsu cikakke suka zo, da shi kuma suka koma.

Maƙwabciyarmu Lizzy tela ce, 'yar Kaltungo. Ita ta ɗinka wa Batul 'yan jakunkuna biyu na sakawa cikin rigar mama. Da farko auduga suka cusa. Auduga ba ta da nauyi, da Batul ta yi ruku'u sai abin ya hauro wuya. Suka gwada soso, ya tsaya ƙiƙam kamar an kifa kofi. A ƙarshe suka tsaya a kan gero. Gero yana da nauyi, yana kwanciya, yana bin jiki. Na sha ganinsu a tsakar gida suna awo da gwangwanin madara, Lizzy tana cewa, "Maman yara, wannan ya fi wancan, rage kaɗan, kar ki karkace," Batul tana korar kaji da ƙafa.

Da damina ruwa ya kama ta a hanyar dawowa daga suna a Arawa. Ta cire jakunkunan ta ajiye bayan ƙofa, ta sa wasu, ta manta da su. Bayan 'yan kwanaki ina karatu na ji ta kira ni.

"Malam, zo ka ga gonata."

Geron ya tsiro. 'Yan tsirrai farare sun huda atamfar sun leƙo. Ta riƙe su a tafin hannu tana dariya har da hawaye. Sai dariyar ta tsaya, hawayen bai tsaya ba.

"Na gaji," in ji ta. "Ina son nawa. Ko na roba ne, in kwana da shi in tashi da shi."

Shekara talatin da wani abu muna tare, ba ta taɓa tambayata sarƙar zinariya ba. Na rufe littafin na ce to.

Akwai wata likita, Dokta Jacinta, mai irin wannan aiki a wani asibitin kuɗi da ke bakin GRA. Yarinya ce a idona, amma ta san aikinta, kuma ba ta ɓata baki. Ta duba Batul, ta ce akwai hanyar da ake ɗebo tsoka da kitse daga ciki ko gadon baya a gina da su, sai dai jinya ba ta bar wa Batul abin ɗiba ba. Saura na sakawa. Ta aiki nas ta kawo faranti na ƙarfe ta ajiye a kan tebur. Abubuwa biyar ne a jere, suna rawa kamar kamu ya yi sanyi.

"Mama, waɗannan biyun ruwan gishiri ne a ciki. In ya fashe jiki ya shanye ruwan, ba illa, amma za ki wayi gari ya sace. Waɗannan ukun silikon ne, sun fi laushi, sun fi kama da na mutum. Akwai mai zagaye, akwai mai siffar ɗigon ruwa, siriri a sama, cike a ƙasa. Babu na har abada a cikinsu, wata rana sai an canza. Taɓa ki ji."

Batul ta taɓa su ɗaya bayan ɗaya da ɗan yatsa, kamar mai zaɓen tumatir. Ta ɗaga ɗaya ta auna a hannu ta ajiye.

"Wanne ya fi kama da naki na da?" in ji likita. "Da an bar ɗaya, da da shi za mu gwada."

Batul ta juyo gare ni.

"Ni daga sama nake ganinsu duk rayuwata. Malam ne ya gan su daga gaba. Malam, wanne ne?"

Nas ta ɗaga kai tana nazarin silin. Likita ta riƙe biro tana jira. Ni da na yi shekaru ina tsayawa gaban aji ina bayanin faɗuwar dauloli ba tare da na duba takarda ba, sai na cire tabarau na hau gogewa. Na ce sai mun je gida.

A cikin Keke Napep, muna wuce shataletale, na buɗe baki. Ta dafa mini gwiwa.

"Kar ka faɗa. Riƙe amsarka sai an sa ranar aiki. Ba na so in sa rai da abin da ban samu ba."

Ta fi ni hankali, domin kafin mu hau keken nan mun riga mun biya ta tagar magatakarda. Saurayi ne mai gemu ɗan tsurut, yana cin gyaɗa daga aljihu. Ya tambayi sunan aikin, ya duba kwamfuta, ya ce, "Ƙarin mama ke nan. Kwalliya." Na ce ba ƙari ba ne, mayarwa ne, ba a ƙara wa abin da babu. Ya ce shi dai gida biyu gare shi, magani da kwalliya, kuma duk abin da ke da silikon a gida na biyu yake. Ya danna. Ya jefa gyaɗa a baki.

Ga ma'anar dannawar. Aikin magani ba a ɗora masa haraji, na kwalliya ana ɗorawa. Wannan ɗaya. Na biyu, wanda ya fi muni, asusun lafiyarmu na 'yan fansho ba ya biyan komai da aka kira kwalliya. Da kalma ɗaya yaron nan ya ɗauke aikin daga inda hannuna zai kai ya rataye shi a sama. Aka ce mini akwai kwamiti mai duba irin wannan ƙorafi. Kullum akwai kwamiti.

Kafin kwamiti ya zauna, dangi suka zauna. Ƙanenta Shafi'u, mai shagon tayal, ya zo da yamma ya zauna a kan tabarmata ya sha shayina.

"Yaya Malam, don Allah fa. A shekarun Yaya Batul? Ta yi jika. Wa zai gani?"

"Ni."

Ya ƙware da shayi. Da ya farfaɗo sai ya koma ta wajen addini, inda irinsu ke gudu in hujja ta ƙare. Ya ce canza halitta ne. Na ce wuƙar likita ce ta canza halittar, mu mayar da ita muke nema. Na jawo masa littafin fiƙihu na nuna masa inda malamai suka yi magana a kan wanda ya rasa hanci ya sa na ƙarfe. Ya kalli shafin kamar yadda akuya ke kallon allo. Matarsa, wadda man bilicin ya mayar da fuskarta kalar gwanda ya bar mata gwiwoyin yatsu baƙi ƙirin, tana cikin ɗaki a lokacin tana ba Batul haƙuri a kan son duniya.

Mahaifiyar Batul, Inno, tsohuwa ce da ba ta cika magana ba. Da aka kai mata ƙara, abin da ta ce kawai shi ne, "Jikinta ne." Ban taɓa jin fatawa mai gajarta da inganci irin wannan ba.

Kwamitin ya zauna a wani ofis mai labule ja da fanka mai kuka. Batul ba ta je ba, ta ce ba za ta zauna maza suna tattauna ƙirjinta da ruwan roba a gabansu ba. Shugaban kwamitin na shiga na gane shi. Shu'aibu ne, ɗalibina na da, wanda ya taɓa rubuta mini a jarrabawa cewa Turawa sun ci ƙasar nan ne saboda sun fi mu takalma. Yanzu Alhaji ne, da babbar riga mai aska takwas da haƙorin Makka yana walƙiya a gefen baki. Ya taso ya rusuna.

"Malam! Allah ya ƙara girma. Ai duk abin da muka zama ku ne."

Na ce kada ya ɗora mini wannan laifin. Ya yi dariya, ya ɗauka wasa ne.

A damansa akwai wani matashi daga ɓangaren haraji, Hillary, mai ɗamammiyar kwat a zafin Gombe. A hagunsa wata Hajiya ce daga GRA mai wakiltar mata. Duk garin an san takan tafi ƙasar waje ganin likitan ido, ta dawo da idon yadda yake, sauran jikin ya sauya. Ita ce ta fara magana. Ta ce a matsayinta na uwa, tana tsoron a buɗe ƙofa. Yau tsohuwa ce mai lalura, gobe 'yan matan TikTok za su cika asibiti suna cewa su ma lalura ce, gwamnati ta yi asarar kuɗin shiga.

Na ce duk yarinyar da ta yarda a yanke mata biyu don ta kauce wa haraji, a yafe mata, ta biya da abin da ya fi haraji.

Hillary ya gyara zama. "Sir, with respect, function muke dubawa. Aiki. In gaɓa za ta yi aiki, magani ne. Ƙafar roba ana tafiya da ita. To wannan, Mama za ta shayar da shi ne?"

"A'a. Ta shayar da huɗu da na ainihin. Ɗaya daga cikinsu ta girme ka."

"To ka gani, sir. Babu function."

Na dube shi. Yaro ne mai takardu, an koya masa kalma ɗaya ya riƙe ta kamar sandar makaho. Na ce masa matata tana yawo da gero a ƙirji, kaji suna bin ta a tsakar gida. Na ce ba ta yarda jikanta ya hau jikinta, don kar ya ji ƙarar hatsi ya tambaya. Na ce mace ce da take kashe fitila kafin ta canza riga a ɗakin da ta yi shekara talatin tana kwana. In abin da zai gyara wannan ba shi da aiki, to ban san ma'anar aiki ba.

Hajiya ta duba wayarta. Hillary ya rubuta wani abu. Shu'aibu ya yi murmushin manya, haƙorin ya kama hasken taga.

"Malam, mun ji, wallahi mun tausaya. Amma ƙa'ida ƙa'ida ce. Abin da aka sa a jiki don ado, ado ne."

"Alhaji Shu'aibu, wannan haƙorin naka fa?"

"Na'am?"

"Na zinariyar. Lafiyayyen haƙori ka kai aka goge aka lulluɓe don duk wanda ka yi wa dariya ya san ka je Makka. Wane tuwo yake tauna maka wanda na ainihin ya kasa? Yaro, duba mana littafinka. Nawa Alhaji ya biya na kwalliya?"

Fanka ta ci gaba da kuka. Hillary ya sunkuyar da kai, kafaɗunsa suna rawa. Shu'aibu ya ja leɓe ya rufe haƙorin, kuma haka ya ƙarasa zaman yana magana ta gefen baki kamar mai ciwon hangum. Ya ce batun yana buƙatar nazari mai zurfi. Aka ɗage.

Akwai masu cewa bakina ne ya jawo jinkirin. Su faɗa. Na san mutanen da suka shiga ofishin nan da rusunawa da addu'a, har yau suna jira.

Da na ba Batul labari ta riƙe baki. "Malam, ba ka da dama. Haƙorin mutum?"

"Shi ya fara taɓa jikin mutane."

"An sa rana?"

"Tukuna."

"To riƙe amsarka."

Damina ta wuce, aka yi girbi, gero ya yi araha, Lizzy ta ɗinka sababbin jakunkuna da ragowar leshi, ta ce ko ba komai a yi gayu. Ni kuwa na zama ɗan gidan ofishin nan. Yau shugaba ya tafi Abuja, gobe Hajiya ta tafi ganin likitan ido, jibi ba a samu adadin mambobin da ake buƙata ba. Na karanta yadda Turawa suka raba nahiya guda a kan tebur cikin 'yan watanni. Waɗancan azzalumai ne, amma aƙalla suna zuwa aiki.

Daga ƙarshe suka kira ni. Shu'aibu ya karanta hukunci da bakinsa a tsuke. Kwamiti, bayan dogon nazari, ya gano cewa ciwon a nonon hagu yake, saboda haka mayar da shi magani ne, asusu zai biya, babu haraji. Na dama kuwa lafiyarsa ƙalau aka cire shi, don riga-kafi, da amincewar mai shi. Saboda haka mayar da shi kwalliya ce.

Hillary ya ce, "Win-win ne, sir. Kowa ya ci riba."

Na tambaye su ko su ukun ne suka haɗu suka haifi wannan tunani, ko ɗaya ne ya yi naƙudar sauran suka riƙe shi. Hajiya ta ce in gode wa Allah, wasu ko rabin ba su samu ba.

A tsakar gida na sami Batul tana tsince wake. Na faɗa mata yadda aka yi, kalma da kalma. Ta ajiye tiren.

"Na hagu magani, na dama kwalliya?"

"Haka masana suka ce."

"Lizzy!" ta ƙwala kira ta kan katanga. "Zo ki ji! Ashe rabina ne ba shi da lafiya, ɗaya rabin 'yar gayu ce!"

Ta yi dariya har ta kama cikinta. "To a yi na hagun. Na daman mu ci gaba da noma." Dariyar ta juye tari. Lizzy ta kawo ruwa. Tarin bai tsaya ba sai da ta jingina da bango, kuma na ga yadda Lizzy ta kalle ni ta saman kanta.

Na riga na yanke cewa biyun za a yi, ko da ɗakin littattafan nan zai koma fili. Muka koma wurin Dokta Jacinta don a sa rana. Ta ce sai an yi hoton ƙirji tukuna, haka ake yi kafin kowane aiki. Da muka dawo karɓar sakamako, na duba teburinta na ga babu faranti. Ta jawo kujerarta kusa da Batul ta kama hannunta. Ciwon ya dawo, ya sauka a huhu. Ta ce da a 'yan watannin baya ne, lokacin da hoto yake fes, da an yi aikin, da Mama ta samu ko shekara guda da abinta. Yanzu jikin ba zai ɗauki wuƙa ba.

Batul ta ce, "Ba komai, 'yata. Kin yi ƙoƙari." Da muka iso gida ta kashe fitila ta canza riga.

Daga nan gidan ya cika da mata. Haka al'adarmu take, mutum yana da lafiya a bar shi shi kaɗai, ya fara mutuwa a hana shi sakat. Matar Shafi'u ta tare a gefen katifa da carbi mai ƙirga kansa. Inno tana zaune wajen kai, tana shafa mata goshi. Ni mijin sai na zama baƙo, in yi sallama a ƙofar ɗakina, a gyara mayafi, in tsaya in ce ya jiki, in fita.

Sau ɗaya na same ta ita kaɗai, da hantsi, an fita raka wasu. Na durƙusa kusa da ita.

"Batul, amsar nan."

Ta buɗe ido. Muryarta ta koma kamar ta yarinya. "An sa rana?"

"A'a."

"To riƙe, Malam. Alƙawari ne." Ta ɗan yi murmushi. "Ka dai tabbata ba ka manta ba."

Sai ga takun matar Shafi'u.

Ta cika ranar wata Asabar, ina kantin magani ina jiran a nemo mini canji. Bayan an yi mata wanka, Inno ta fito ta miƙo mini wani ƙulli a gefen gyale. Jakunkunan leshin ne. Ta ce, "Wannan ba ya shiga kabari." Ta koma ciki.

Ranar uku Shu'aibu ya zo ta'aziyya da mota mai baƙin gilashi. Ya yi addu'a mai tsawo da murya mai daɗi, haƙorin ya dawo fili, ya huce. Da zai tafi ya sunkuyo ya ce mini a kunne, amincewar kwamiti tana nan daram, ba ta lalacewa, ko da wata a dangi za ta buƙata. Shafi'u kuwa yana gefe yana gaya wa mutane cewa Allah ya rufa wa yayarsa asiri, ta koma ga Mahaliccinta ba tare da roba a jiki ba. Na dube su biyun. Na yi shekaru ina koya wa yara cewa mugunta tana buƙatar ƙarfi da dabara. Ƙarya na koyar. Kujera kawai take buƙata, da wanda zai zauna a kai.

Da jama'a suka watse na farke jakunkunan na watsa geron a tsakar gida. Kaji suka taru suka cinye tas. A duk wannan labari su kaɗai ne suka yi aikinsu ba tare da sun ɗage zama ba.

Har yanzu ba a sa rana ba, kuma ba za a sa ba, saboda haka ban sani ba ko na karya alƙawari. Amma ban manta ba.

Na uku ne daga hagu, Batul. Mai siffar ɗigon ruwa, ɗan ƙaramin, wanda kika ɗaga kika auna a hannu kika ajiye. Tun kafin nas ta gama sauke farantin na gane shi.